Yadda Za Ka Shawo Kan Dangi Cewa Tsohuwar Motar Babanka Ba Ta Shan Mai

Idan mahaifinka ya rasu ya bar maka mota wadda ta girme ka, kuma dangi sun fara kallonta suna ambaton 'yan gwangwan, wannan darasin naka ne. Ka bi shi yadda na tsara, ina ba ka tabbacin ba wanda zai sayar da ita. Ni na gwada a nan Kafanchan, ga tawa har yau a hannuna. Ban gama sakandare ba, amma a kan wannan fanni ban san wanda ya fi ni ba.

Mataki na 1: Ka san abokan gabarka

Su biyu ne a kowane gida. Na farko mai motar dizal. Nawa shi ne Baba Boaz, ƙanen mahaifina, mai a-kori-kura da yake kwasar citta zuwa Kachia. Motar dizal tana jan kaya, tana tafiya mai nisa da tanki ɗaya, kuma mai ita ba zai bari ka manta da haka ba. Abin da ba ya faɗa shi ne yadda fuskarsa take komawa idan ya tsaya a gidan mai.

Na biyu mai haibirid, wato motar da take tafiya rabi da fetur rabi da batir. Nawa shi ne Leonard, mijin yayata Tamar, wanda ya zo da tasa daga Abuja. Wannan motar ba ta shan mai, lasa take yi. Ba ta kuma da sauti. Ranar da ya fara shigowa da ita gidanmu, kaji ba su tashi ba, sai da Mama ta fito ta kore su da hannu.

Taka kuwa tana shan mai idan tana tafiya, tana sha idan ta tsaya, tana sha ko da dare kana barci. Wannan sirri ne tsakaninka da ita.

Mataki na 2: A taron gida, kada ka kare ta da baki

Za su tara ka a tsakar gida bayan sujadar Lahadi. Baba Boaz zai fara da addu'a, daga nan ya shiga zance.

"Kambai, motan nan yana sha kaman tsoho a gidan burkutu. Mu sayar, ka sayi mashin."

Leonard zai gyara tabarau ya ce, "Baba ya yi gaskiya. Ni tun makon jiya ban ga gidan mai ba."

Kada ka ce motar tana tuna maka da mahaifinka. Za su ce ka ajiye sitiyarin a ɗaki. Kada ka kalli Mama, domin tana kallon ƙasa. Kai dai ka ce cikin sanyin murya, "Baba, a gwada." Dattijo ba ya iya ƙin gwaji a gaban surukinsa.

Mu dai ga yadda muka shirya. Akwai bikin godiya na wani ɗan'uwa a Kachia. Kowa zai cika tanki a gidan mai ɗaya da safe, a je a dawo, a sake cikawa a gaban Baba Boaz. Idan tawa ta fi su sha, 'yan gwangwan su zo da guduma.

Mataki na 3: Ka zaɓi fasinja da basira

Wanda bai san aiki ba zai nemi marasa nauyi. Kuskure ne. Ka nemi masu ƙarfi. Ka je wurin shugabar Zumuntar Mata ta ikkilisiyarku, ka durƙusa, ka ce Ubangiji ya sa a zuciyarka ka kai su biki. Tamu Mama Lai'atu ce, mace mai ɗaukar buhun masara ba tare da ta ajiye jakarta ba.

Za su zaɓe ka da kansu. Motar dizal tana baƙanta musu farin ɗankwali da hayaƙi. Motar Leonard kuwa, Mama Lai'atu ta leƙa ciki ta ce, "Motan da ba ya numfashi, ni ba na shiga."

Ka ba mahaifiyarka kujerar gaba. Wurinta ne tun kafin a haife ka.

Mataki na 4: Allurar mai

Idan tana aiki, ka nemi bakanike ya kashe ta. Idan ta mutu tun zamanin mahaifinka tana nuna tanki cike, kamar tawa, ka gode wa Allah ka goge gilashinta domin kowa ya gani da kyau.

Mataki na 5: Gangare kyauta ce daga sama

Da zarar hanya ta sunkuya, ka sa giya a firi ka kashe inji. Ka yi haka daidai lokacin da mata suka ɗaga waƙa da ganga, ba wanda zai lura. Idan wata ta tambaya me ya sa mota ta yi shiru, ka ce ita ma haibirid ce, irin ta da.

Masana za su ce maka birki yana taurarewa idan inji ya mutu. Gaskiya ne. Shi ya sa ka ɗauko masu addu'a.

Mataki na 6: Ka bar hanya ta yi maka aiki

Ba sai ka yi wa abokan gabarka komai ba. Cikin motar Leonard yana kusa da ƙasa, duk ramin da muka wuce sai ya fito ya leƙa ƙarƙashinta kamar mai neman kaza. Da muka tarar da shanu suna tsallaka titi, sun ji rurin dizal sun ba Baba Boaz hanya, sun ji tarin tawa sun watse. Leonard kuwa suka kewaye shi suna kallon kansu a gilashi.

Idan kun kusa shiga gari kuma hanya ta miƙe, ka tsaya ka ce wa shugaba, "Mama, bai dace Zumunta ta shiga Kachia a zaune kamar buhunan citta ba. Ku shiga da waƙa." Za su sauka su jeru. Ka roƙe su su ɗora hannu a kan motar domin albarka. Hannu goma a kan but ɗin baya suna turawa, mota ba ta bukatar fetur.

Mataki na 7: Abokin da ba ya cikin hoto

Kana bukatar aboki mai babur wanda dangi ba su san fuskarsa ba. Nawa Mahadi ne, Bafulatani da muka yi firamare tare, yanzu yana sayar da fetur a galan a bakin hanya. Lokacin da kowa yake cikin majami'a ana rawar kai baiko, wato sadakar godiya, ka ce za ka matsar da mota inuwa. Ka kai ta bayan wani shago, inda abokin yake jira da jarkar fetur. A hanyar dawowa ma, kafin a shiga Kafanchan, ka ce inji ya yi zafi, mata su je su sayi rake.

A nan ne ake bukatar hankali. Mahadi ya riƙe jarkar ya ce, "Kambai, ya isa haka. Ka bar mata ɗan wuri."

Na ce, "Zuba."

"Motar da ta je Kachia ta dawo, dole a ga ta sha wani abu."

"Malam, zuba."

Ya zuba har wuya.

Mataki na 8: Ka karɓi nasara da tawali'u

A gidan mai, Baba Boaz ya cika tasa yana kallon sama. Leonard ya cika tasa yana murmushi. Da aka zo kan tawa, yarinyar gidan man ta sa bututu, ta matsa, sai fetur ya dawo ya jiƙa mata takalmi. Ko cikin kwalbar lemo motar ba ta karɓa ba.

Leonard ya buɗe baki, sai Mama Lai'atu ta riga shi. Ta ɗaga hannu biyu ta fara waƙa, sauran suka amsa, har masu layin babur suka cire hula. Baba Boaz ya zagaya motar, ya dafa ta, ya ce, "Ɗan'uwana bai bar mana abin banza ba. Ba za a sayar ba."

Idan ka kai nan, ka ci. Darasi ya ƙare ga mai hankali.

Mataki na 9: Abin da zai biyo baya

Ranar Lahadi Mama Lai'atu ta ba da shaida a gaban ikkilisiya. Kafin a tashi, dattawa sun yanke cewa tunda Ubangiji ya ba mu motar da ba ta shan mai, bai kamata a ci gaba da wahalar da masu saye ba. Yanzu ni nake kai Zumunta taro. Ni nake kai 'yan kwaya, mawaƙan majami'a. Jana'iza a Zonkwa, ni ne. Kai amarya, ni ne. Baba Boaz ya ajiye a-kori-kurarsa, wai dizal ya yi tsada, cittarsa ma a but ɗina take zuwa Kachia. Na taɓa yin maganar kuɗin mai sau ɗaya, Mama Lai'atu ta dube ni ta ce, "Ɗana, kada ka raina abin da idonka ya gani."

Wata safiya ina wanke motar, Mama ta fito da kujera ta zauna kusa da ni.

"Babanka ma a gangaren hanyar Kachia yake kashe ta," ta ce. "Shi ma yana da nasa mai galan. Amma shi rabi yake zubawa, don yana tsoron Allah, yana kuma tsoron Zumunta."

Ta tashi ta shafa murfin injin da gefen zaninta, inda na riga na wanke, ta koma ciki.

Gargaɗi

Marubucin wannan darasi ya yi alkawarin ba za a sayar da motarka ba, kuma ba a sayar ba. Bai yi alkawarin komai bayan haka ba. Birkin da ya ƙi kamawa, takalmin 'yar gidan mai, shaidar da za a bayar a kanka, duk tsakaninka ne da ikkilisiyarku. Mai ƙorafi ya same ni a bakin hanyar Fadan Kagoma, inda nake zaune tun hantsi da mata tara da ganga, allurar mai tana nuna tanki cike. Idan zai zo, ya biya ta wurin Mahadi.