Kwanar Dama a Mararrabar Tafki

A wani daji, a gaban majalisar dabbobi, rai ya ɓaci tsakanin Kande bushiya da Dogo raƙumin dawa, har ta daina ce masa ranka ya daɗe.

"Ka tsaya?"

"Na tsaya."

"Da ƙafa nawa?"

"Baiwar Allah, na ce miki na tsaya."

"To wace ƙafar ce ta take mini miji?"

Dogo ya ɗaga kai sama. Daga inda kansa yake ba kowace magana ce take isa ba, kuma shi yake zaɓen wadda za ta isa.

Ga asalin abin. Akwai wata mararraba a dajin, inda hanyar manyan dabbobi take haɗuwa da hanyar tafki. A da kullum sai an take wani ƙarami a wurin. Sai majalisa ta ɗora Hawainiya a kan reshen tsamiya, ta zama danja. In ta yi kore, manya su wuce. In ta yi ja, manya su tsaya, su bushiya da kunkuru da gafiya su tsallaka. Tsarin ya yi aiki, shi ya sa aka ga ya kamata a gyara shi. Manya suka ce ƙishirwa tana cin su a layi. Aka ƙara wa dokar jela: wanda zai sha kwanar dama yana iya wucewa ko da ja ne, muddin ya tsaya cak, ya duba hagu, bai ga kowa ba.

Tafkin yana dama. Miƙe hanya babu komai sai dutse, hagu kuma ƙonannen fili ne. Ba a taɓa ganin wanda ya nufi can ba.

Tanimu, mijin Kande, mai bin doka ne har abin yana ba ta haushi. Ranar ya jira Hawainiya ta yi ja wur, sannan ya shiga hanya daga ɓangaren dama. Dogo ya duba hagu. Yanzu Tanimu yana kwance a rami da karyayyen ƙugu, ƙayoyin bayansa sun kwanta kamar an yi musu guga. Kande ce take ɗebo masa ruwa, kuma kowace ɗiba sai ta tsallaka wannan hanyar. Abu ɗaya ta zo nema, a cire jelar nan daga dokar.

Giwa ce shugabar majalisa. Ɓauna da Dorina da Gwanki suna gefenta. Ƙanana ma suna da wakili, Zomo, sai dai shi da tsalle ɗaya yake ƙetare hanyar, don haka a ganinsa matsalar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Aka ba Dogo dama ya kare kansa. Ya gyara wuya, abin da ya ɗauki ɗan lokaci.

"Ranki ya daɗe, ni ɗan gidan mutunci ne. Doka ta ce in tsaya, na sassauta har ana iya cewa na tsaya. Ta ce in duba hagu, na duba, kuma duk dajin nan babu mai hangen da ya kai nawa. Har bakin wancan dajin na gano, babu kowa. Ba a ce in duba dama ba, ba a ce in duba ƙasa ba. Da na duba, da na ƙara wa doka abin da majalisa ba ta sa ba, ni kuwa ban kai nan ba. Sannan Ɓauna tana bayana tana huci. Ina tausaya wa iyalin mamacin."

Kande ta ce bai mutu ba. Dogo ya ce to alhamdu lillahi, ashe ma maganar ta yi sauƙi.

Ɓauna ba ta musa hucin ba. Ta ce ai ladabin hanya ke nan. Wanda ya tsaya a kwanar dama ya wuce numfashi guda ya raina na bayansa, kuma huci tunatarwa ce tsakanin 'yan'uwa. In hucin bai yi ba akan ɗan taɓa shi da ƙaho, shi ma cikin girmamawa.

Aka kira Hawainiya shaida, tunda a gabanta aka yi. Ta ce idonta na dama ya ga Dogo bai tsaya ba, na hagu kuma ya ga kamar ya tsaya. Giwa ta tambaye ta wanne ta fi amincewa da shi. Hawainiya ta dubi Giwa, ta dubi faɗin ƙafar Giwar, jikinta ya soma komawa ruwan toka. Ta ce na hagun ya fi lafiya.

Daga nan muhawara ta koma kan ma'anar tsayawa cak. Mesa ta nemi a fayyace mata, in kanta ya tsaya alhali wutsiyarta tana tafe, ta tsaya ko ba ta tsaya ba. Dorina ta ce ita in ta tsaya cak ba ta iya tashi, a yi la'akari da masu jiki. An ji daɗin wannan ɓangaren ƙwarai. Kowa ya yi magana, wasu sau biyu, aka kafa kwamiti.

Kunkuru, wanda tun safe yake ɗaga hannu, ya kawo shawarar a ce mai shan kwana ya duba dama ma, ya kuma sunkuya. Gwanki ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin an nemi babba ya sunkuya a bainar jama'a ba. Zomo ya nemi afuwar majalisa a madadin ƙanana.

Da rana ta karkata, Giwa ta yanke hukunci.

"Majalisa ta gano ba a karya doka ba, ƙugu kawai aka karya. Dogo ya duba bai ga kowa ba, kuma babu shaidar cewa akwai kowa, sai Tanimu. Kwanar dama tana nan daram. Amma saboda tausayi, daga yau haƙƙin duk mai tsallakawa ne ya tabbatar an gan shi. Wanda tsayinsa bai kai a gan shi ba, ya jira lokacinsa. Muna yi wa Tanimu fatan sauƙi, muna kuma yaba masa da bin doka."

Aka yi tafi da kofato. Manya suka miƙe, don lokacin shan ruwa ya yi, kuma hanyarsu ɗaya ce.

Kande ba ta motsa ba. Ruwan da ta bar wa Tanimu da safe ya isa ƙarewa. Ta ɗaga kai iya yadda bushiya take iyawa, ta yi magana ba da ƙarfi ba.

"Ranki ya daɗe, na ji, zan jira lokacina. Kore naku ne, ja ma naku ne. Wane launi zan jira?"