Ranar da Aka Nemi Kyanwa a Ɗakin Iya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Waca gaida kakar Barira, saura wata biyu a ɗaura mana aure. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal a Magaria, kowa mushe (wato malam) yake ce mini, ni kuma ina jin kaina ƙwarai. Abu ɗaya na ɓoye wa Barira da danginta: ina da ciwon fuka tun ina yaro. Tsorona kada a ce ba za a ba majinyaci 'ya ba. Don haka da na isa ƙofar gidan, na ciro ɗan famfon da nake shaƙa in numfashi ya tsaya mini, na kulle shi ƙarƙashin kujerar moto, babur ɗina ke nan (wai kada ya ɓata mini zaman babbar riga).

Iya, kakar tata, idonta ya yi rauni, amma kunnenta garau yake. Aka shimfiɗa mini tabarma a ɗakinta. Don a girmama baƙo, gwaggon Barira ta shigo da kaskon garwashi, ta zabga turaren wuta irin na Barebari, ta saki labule.

Ba mu yi nisa da gaisuwa ba ƙirjina ya soma ɗaurewa. Da mai hankali ne, da ya nemi izini ya fita. Ni sai na gyara zama, na rufe baki gam. Iya na tambayar mutanen gida da yadda damina ta bar mu, ina amsawa da "lafiya" kawai, don iyakar abin da numfashina ke iya ɗauka ke nan.

Can Iya ta ɗaga hannu ta ce a yi shiru, kyanwa ta haihu a ƙarƙashin gadonta, ga kukan 'ya'yan tana ji. Gwaggo ta durƙusa da tocila tana leƙe. Aka jawo kwanuka, aka ture buhun wake. Ni kuwa (Allah ya yafe mini) har na duƙa ina taya su nema, hawaye na zubo mini. Gwaggo ta ce abin mamaki, duk kusurwar da na matsa sai kukan ya koma can.

Sai Iya ta ce, "Matso nan, mijina." Ta ɗora kunne a bayana. "Ai kyanwar cikin rigarka take. Ina maganinka?"

Sai na nuna ƙofa. Barira, da ke laɓe bayan labule tun shigata, ta faɗo ɗakin ta zare makullin moto daga hannuna ba ta tambayi komai ba. Ashe ta daɗe da sani, ta sha hango ni ina fesawa a bayan katanga kafin in yi sallama in na zo zance.

Aka fito da ni gindin darbejiya, aka cire mini babbar rigar da na yi wa duk wannan wahala, hula kuwa ban san inda ta faɗi ba. Na zauna a kan turmi daga ni sai 'yar ciki, ina shaƙar famfo, matan maƙwabta na yi mini sannu ɗaya bayan ɗaya.

Da numfashi ya dawo, Iya ta sa aka kawo ta kusa da ni. Ta ce marigayi mijinta da wannan ciwon ya yi noma har ya tsufa, kuma bai taɓa barin gidansa da yunwa ba. "Ciwon bai dame ni ba," in ji ta. "Amma in kunya za ta kashe ka, ka je ta kashe ka a tabarmar wani."

An ɗaura auren. Iya ta hana kunna turare a ɗakin amarya, abin da gwaggo ba ta yafe mini ba har yau.

Yanzu famfona a aljihun gaba yake zama, kowa ya gani. In na shiga gida na ji ƙanshin turare, tun daga zaure nake faɗin ciwona. Na gane faɗin nan kunyar minti ɗaya ce, ɓoyewar kuwa sai da ta kai ni zama kan turmi a gaban surukai.