Lauyanmu Ya Tambayi Wayarsa

A kwance nake rubuta muku shafin yau, jama'a, rigingine a kan tabarma da filo a ƙarƙashin gwiwa. Bayana ne ya riƙe. Da safen nan na goya mijin yayata muka hau benen kotu, domin na'urar hawa benen tana hutawa tun ranar da manya suka zo suka yanke mata ƙyalle aka tafa. Allah ya saka wa manyanmu da alheri. Sun san talaka yana buƙatar motsa jiki, shi ya sa suka ajiye masa adalci a hawa na can sama.

Bari in faro muku daga tushe. Mijin yayar tawa, wanda kowa ke kira Masinja, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu gida-gida, babu lungun da ƙafarsa ba ta taka ba. Yanzu ɓarin jikinsa ya shanye, sai keken guragu. Gidansu yana ƙuryar wani lungu, ta nan ake turo shi bakin titi a kai shi asibiti gashin ƙashi. Sai wani bawan Allah, mu kira shi Ranka-ya-daɗe Mai Katanga, ya sayi gidan gaba, ya duba ya ga motocinsa suna shan rana. Tausayinsu ya kama shi, ya ja katanga ya haɗiye lungun, ya bar mana wata 'yar tsaga wadda ko akuya mai ciki sai ta yi shawara kafin ta shiga. Tun daga ranar, in Masinja zai fita sai an naɗe keken an miƙa ta saman katanga, ni kuma in goya shi mu bi tsagar a karkace.

Da haƙuri ya ƙare, Yaya ta ce sai kotu. Aka haɗa mu da wani matashin lauya da ake wa laƙabi da Nan-take, saboda ba ya kwana da aiki. Ofishinsa ƙal-ƙal, ga sanyin na'ura, ga manyan littattafan shari'a jere a kanta masu ruwan zinare a ƙeya. Na lura har yanzu suna cikin ledarsu, amma na ce a raina ƙila tsabta ce ta yi masa yawa.

Ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur, ya danna wani abu, ya ce, "Mama, ki yi bayaninki kawai, ita tana ji. Ƙirƙirarriyar basira ce a ciki. Aikin da tsofaffin lauyoyi ke kwashe wata suna yi, kafin shayinki ya huce ta gama."

Yaya ta zayyane komai. Can sai ta matso, ta rage murya, ta ce, "Ɗana, wannan kuma tsakanina da kai ne, don ka san abin da ke ci mini rai. Tun da ciwon ya same shi ba ya iya riƙe fitsari. Jiran da ake yi a bakin tsagar nan, sau da yawa a jikinsa yake ƙarewa. Ko shi bai san na faɗa maka ba."

Nan-take ya dafa ƙirji. "Haba Mama! Sirrin wanda muke karewa amana ce a wuyanmu, rantsuwa muka yi a kai."

Shi ya yi rantsuwa. Wayar da ke kan tebur ba ta yi ba, kuma kunnenta a buɗe yake.

To, yau aka zauna. Nan-take ya miƙe yana gyara baƙar riga, ya ce hujjarsa tana cikin sanannen hukuncin nan na kotun ɗaukaka ƙara, shari'ar Mai Rijiya da Mai Rumfa, inda aka yanke cewa hanyar da jama'a suka saba bi ba ta toshuwa. Wallahi har tsigar jikina ta tashi. Na taɓa Yaya na ce, "Kin ji aiki!"

Lauyan Mai Katanga, wani babba mai tumbi da furfura, ya miƙe a hankali yana murmushi. Ya ce ai shi ya san wannan shari'ar kamar yunwar cikinsa, sai dai ƙaninsa masani, wato lauyanmu, bai fahimce ta ba, domin a can rumfar ta riga rijiyar zuwa. Nan-take ya ce ina, rijiyar ce ta riga. Babban ya ce alƙali ɗaya ma bai yarda da hukuncin ba. Namu ya ce baki ɗaya suka yanke. Suka yi ta kai ruwa rana a kan rijiyar nan har na fara jin ƙishirwa.

Mai Shari'a, wata dattijuwa marar hayaniya, ta bar su suka gaji. Sannan ta cire tabarau ta ce, "Na nemi wannan hukunci a duk inda ake neman hukunci, ban gan shi ba. Tunda ku biyun kun san shi haka, ɗaya ya miƙo mini kundin da yake ciki."

Kowannensu ya kai hannu aljihu ya lalubo waya.

"Kundi na ce," in ji ta. "A cikinku wa ya taɓa karanta shi da idonsa?"

Babu wanda ya ɗaga hannu. Ashe babu Mai Rijiya, babu Mai Rumfa, babu alƙalan, babu ranar. Wayar lauyanmu ce ta ƙaga shari'ar don ta faranta masa. Da takardar ta isa hannun babban, shi ma bai leƙa kantar littattafansa ba, ya tambayi tasa wayar yadda zai rushe hujjar, ita kuma ba ta iya cewa ban sani ba, ta ƙaro masa gishiri. Manyan masana biyu sun shafe safiya suna dambe a kan shari'ar da ba a taɓa yi ba.

Da a nan abin ya tsaya, da dariya kawai zan kawo muku. Amma da babban ya ga ido na neman raina fata, sai ya nemi canza zance. Ya buɗe takardar da namu ya shigar, ya ce akwai wani sakin layi da ke nuna matsalar mai ƙara ta asibiti ce, ba ta hanya ba. Ya karanta da ƙarfi, kalma bayan kalma, abin da Yaya ta faɗa da raɗa. Har da "ko shi bai san na faɗa maka ba" yana ciki. Wayar ta kwashe ta zuba, Nan-take ya sa hannu bai karanta ba.

Mai Shari'a ta buga tebur ta tsayar da shi, amma magana ta riga ta fita. Wani a bayanmu ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Yaya ta rufe fuska da mayafi. Masinja ya sa hannunsa mai lafiya ya ja bargon da ke cinyarsa ya ƙara rufawa. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na lokacin ba.

Aka yi watsi da takardun ɓangarorin biyu, aka ce za a miƙa lauyoyin ga masu ladabtar da su, aka ɗage shari'a sai bayan hutun kotu. Katanga dai ba a ɗage ta ba.

A baranda na tare Nan-take. Na ce, "Barista, yaya haka?"

Ya ce, "Yallaɓai, ka gane, matsalar manhajar ce. Kowa da ita yake aiki yanzu. Ni ma fa abin ya shafe ni, lasisina ke rawa."

"To littattafan nan na ofishinka fa?"

"Wa ke da lokacin wannan?" in ji shi, yana duba waya, ina jin tambayarta yake yadda ake fita daga irin wannan rami.

Muna saukowa, Masinja a bayana, bakinsa daidai kunnena, ya ce a hankali, "Ƙanena, kar ka sake kawo ni nan. Asibitin ma a bar shi. Zaman ɗaki ya fi mini." Mutumin da ya san ƙofar kowa a garin nan, shi ke roƙon a rufe masa tasa.

Da muka kai shi gida na zauna shagon mai askin bakin layi in huce. Talabijin a kunne, sai ga wa za a nuno? Ranka-ya-daɗe Mai Katanga da kansa, an naɗa shi shugaban wani babban kwamiti da zai tsara yadda za a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira cikin gaskiya da riƙon amana. Otal ya cika, ga jakunkunan rabo, ga ruwan roba. Ya karanta jawabi mai daɗi a kan kare mutuncin ɗan Adam. Da ya zo ƙarshe, da muryar nan tasa ta manya, ya karanto layin da ke ƙasa: "Kana so in gajarta maka wannan jawabin, ko in ƙara masa armashi?" Aka tafa. Wallahi aka tafa.

Mai aski ya tsaya da almakashi a sama. "Maƙwabci, kai da ka yi boko, wannan na cikin jawabin?"

Na ce, "Yana ciki mana. Ai shi ne kaɗai wurin da aka nemi ra'ayin jama'a."

Ya ce shi ma yana da abar a wayarsa, da ita yake rubuta wa surukinsa gaisuwa. Na ce miƙo. Na rubuta mata cewa shari'ar Mai Rijiya da Mai Rumfa ƙarya ce, kuma yau an tozarta dattijo a gaban jama'a. Kan ka ce kwabo ta amsa: "Gaskiyarka ne. Bai kamata a dogara da hukuncin da ba a tabbatar da shi ba, kuma abin da ya sami dattijon bai dace ba. Don Allah a ba shi haƙuri."

Na daɗe ina kallon rubutun. Ni ba na faɗa da na'ura, jama'a. Ba ita ta yi rantsuwa ba, ba ita ta sa hannu ba, ba ita ta ja katanga ba. Amma tun daga mai katangar, zuwa masu baƙar riga, zuwa waɗanda suka yanke ƙyallen benen nan, ita kaɗai ce yau ta ce a ba Masinja haƙuri. Na je na isar masa da saƙon ta taga. Ya ce in tambaye ta ko ta iya goyo.