Abin da Ya Lalace a Ɗaki na Tara

A Tungar Labbo, bakin hanyar rafi, akwai wani gida mai dangar kara. A nan aka haifi Nomau, ɗan yayata Tumba, don haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba. Su huɗu ne a gidan: ita Tumba, da shi, da matarsa Hansatu, da 'yarsu da ba a daɗe da yayewa ba. Ƙato ne Nomau, ga ƙarfi ga ladabi, bai taɓa yi wa babba musu ba. Aibinsa ɗaya ne, abin da aka ce masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. An taɓa aikensa kasuwa sayen gishiri, uwar ta ce kada ya dawo sai da shi. Ya tarar mai gishiri bai fito ba, sai ya bi sawunsa har garinsu. Bayan kwana biyu ya dawo da ƙullin gishiri a aljihu, miya kuwa an daɗe da shanye ta lami.

Ni shekarata shida ina aiki a gonar dabino ta wani kamfani a ƙasar Larabawa. Da na zo hutu na tarar damina biyu a jere gero bai yi ba, rumbun gidan ba komai. Tumba ta zaunar da ni ta ce in tafi da shi. Na ce mata can ba wurin irin su Nomau ba ne. Ta tambaye ni to ina ne wurin irinsu. Haka na tsaya masa aka ɗauke shi, da sharaɗin zai yi wata uku na gwaji.

Kamfani ne ke ba mu masauki, wani dogon gini mai ɗaki ashirin da huɗu, kowane ɗaki bai fi akurki ba, gado ɗaya da kabad ɗaya. Mai kula da gidan wani Basudane ne, Malam Dafalla, kakanninsa Hausawa ne, yana jin Hausa rangaɗau. Yana da allo a ofishinsa da jan alƙalami. Sabon zuwa in ya karya dokar gida sai ya ja masa layi, in layi ya kai uku kafin gwaji ya ƙare, sai jirgi zuwa gida, ko da mutum ya fi kowa iya aiki. Aikin gona ban ji wa Nomau tsoronsa ba. Gidan nake ji masa tsoro. Ranar da aka miƙa masa makullin ɗaki na takwas, maƙwabcin nawa, Malam Dafalla ya ce masa, "Yadda ka sami ɗakin nan, haka za ka mayar mini da shi."

Wata rana, bayan mako biyu, Malam Dafalla ya fito duba ɗakuna. Da ya buɗe na Nomau sai ya tsaya a bakin ƙofa. Katifa ba a taɓa kwanciya a kanta ba, Nomau a ƙasa yake kwana kan buhu. Takalmin wanda ya bar ɗakin, ƙafa ɗaya, yana nan inda aka jefar da shi. Ga busasshen ɓawon lemo a kan taga, ga kofin shayi ya yi funfuna, ga ƙura ta lulluɓe komai in ban da 'yar siririyar hanyar da yake bi daga ƙofa zuwa buhunsa. Aka tambaye shi, ya durƙusa ya ce ai haka ya sami ɗakin. Layi na farko ke nan. Na yi masa faɗa har maƙogwarona ya bushe, yana sauraro kansa a ƙasa. Da na gama sai ya ce, "Kawu, in na share, ranar tafiya ina zan samo irin wannan ƙurar?" Na miƙa masa tsintsiya. Amma da na koma nawa ɗakin na dubi bango, sai na lura shekara shida ko ƙusa ɗaya ban kafa ba, jakata ma a ɗaure take a kan kabad. Ashe ni ma zaman mai shirin mayar da makulli nake yi.

Wata rana na ga yana tangaɗi a gona kamar zai faɗi. Na tambaye shi ko ya karya, ya ce a'a, yau kwana uku bai karya ba. Ashe ranar da za mu taso uwarsa ta ja masa kunne cewa duk inda ya sauka, kada ya sa komai a bakinsa da safe sai ya gai da maƙwabta. Shi ya sa kullum bayan asuba yake bin ƙofofi ashirin da uku ɗaya bayan ɗaya, yana gai da 'yan Bangaladash da 'yan Nefal da Hausa, yana tambayarsu kwanan iyali da gajiya. Da farko har da masu jifan ƙofa da takalmi, daga baya suka saba, wasu ma suka koyi cewa lafiya lau. To mai ɗaki na goma sha biyu an tura shi wata gona mai nisa, Nomau ya ƙwanƙwasa ba amsa, gaisuwa ba ta cika ba, don haka ba karin kumallo. Na kira Tumba a waya na sa ta sassauta dokar da bakinta, don ni bai yarda ina da ikon warware maganar uwarsa ba. Ta yi dariya, sannan na ji muryarta ta canja, ta ce in riƙe mata shi da kyau. Na ce to.

Wata rana aka sa shi aikin share kicin. Kicin ɗaya gare mu duka, firji ma ɗaya, kuma doka ce kowa ya rubuta sunansa a kan abincinsa. Nomau ya riga ya cika wannan doka fiye da kowa, don ƙwai shida ya saya, kowanne ya rubuta masa suna da ajami, tumatir ma bai tsira ba. Malam Dafalla ya gaya masa ranar Alhamis duk abin da ba suna a zubar. Nomau ya fara da abin da ya rube, ya wuce zuwa ruwan sanyi da ƙanƙara, ya cire farantan firjin ya jingine a waje. Can ciki ya sami wata babbar tukunyar naman rago, ya juya ta gaba da baya bai ga rubutu ba. Ta Malam Dafalla ce, ya tanada don baƙin da zai yi bayan Juma'a, shi kuwa ba ya sa suna tunda kowa ya san tukunyarsa. Kowa, ban da mutum ɗaya. Karnukan gona sun yi walima ranar. Na bi Malam Dafalla har ofis ina ba shi haƙuri, ya ce shi ma ya san ba mugunta ba ce, amma ya ja layi na biyu. Saura mako biyar gwaji ya ƙare, saura layi ɗaya.

Daga nan na kafa wa Nomau doka cewa kada ya taɓa komai a gidan sai ya tambaye ni. Ya riƙa zuwa yana tambayata ko ya buɗe taga, ko ya rufe famfo, ko ya kashe sauron da ya sauka a hannunsa. Na gaji, amma allo bai ƙaru ba, na ce haka ma ya yi.

A cikin waɗannan makonni ne jikina ya fara ba ni labari. Abinci ya fita kaina, ƙafafuna suka kumbura har takalmin aiki ya daina shiga sai da dabara, in na hau bishiya ɗaya sai in huta kamar na hau goma. Ban gaya wa kowa ba. Na ga yadda ake yi da wanda ciwo ya daɗe a jikinsa, ana sallamarsa cikin mutunci a kai shi filin jirgi. In aka mayar da ni, wa zai tsaya wa Nomau? Sai na riƙa sa dogon wando, ina rufe ƙofa da wuri, na ce zafi ne, zai wuce.

Wata rana Malam Dafalla ya tara mu a tsakar gida ransa a ɓace. Wani bututu ya yi wata guda yana yoyo a bayan banɗaki, kowa ya gani ba wanda ya faɗa, har bango ya tsage. Ya ɗaga wata takarda ya ce daga yau duk abin da ke cikin gidan nan da ya daina aiki kamar yadda ya saba, a zo ofis a cike wannan kafin rana ta faɗi, wanda kuma ya gani ya yi shiru, layi ne. Aka watse, na lallaɓa ɗaki na kwanta.

Abin da ya biyo baya daga bakin Malam Dafalla na ji shi. La'asar sakaliya Nomau ya yi sallama a ofis ya ce ya zo a cike masa takarda. Aka tambaye shi a wane ɗaki ne, ya ce na tara. Fanka ce ko famfo? Ya ce Kawu ne.

"Kawunka ne ya lalace?"

"Ba ya ci. Ya kumbura ta ƙasa. Kuma yau kwana goma sha ɗaya bai yi mini faɗa ba."

Malam Dafalla ya ɗauka raini ne, ya jawo jan alƙalami ya buɗe murfinsa, ya ce masa takardar ta kaya ce, ba ta mutane ba. Nomau ya dubi alƙalamin, ya san sarai abin da layi na uku yake nufi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa ka yi duk abin da ke cikin gidan nan. A cikin gidan yake. Na gani, kuma rana ta kusa faɗuwa."

Malam Dafalla ya ce mini ya daɗe da alƙalamin a hannu yana neman inda maganar ta karkace, bai samu ba. Kuma a tsarinsu takarda in an kawo ƙara ba a yar da ita sai an je an duba. Sai ga su a ƙofata, shi da takarda, Nomau a bayansa ɗauke da akwatin kayan gyara, don an ce masa ba a zuwa duba abu hannu sake. Na yi ƙoƙarin tashi in ce lafiyata ƙalau. Malam Dafalla bai saurare ni ba, ya ɗage ƙafar wandona ya danna babban yatsansa a ƙwaurina. Ya ɗauke yatsan, ramin ya zauna. Ya fita ya tayar da mota.

A hanya na dubi Nomau na ce masa ya gama da mu duka biyu, yanzu sai ya shirya abin da zai gaya wa uwarsa. Ba da tsawa na faɗa ba, ba ni da ƙarfinta. Na tsane shi a wannan lokacin, ba zan ɓoye ba. Likita ya ce ƙoda ce, zafin rana da ƙarancin shan ruwa suka taɓa ta, kuma da an ƙara mako ɗaya da maganar ta zama wata. Kwanana goma sha biyu a asibiti. Da yake an tari abin da wuri, ba a sallame ni ba, aka mayar da ni rumfar tantance dabino inda akwai inuwa. Ina kwance gwajin Nomau ya cika da layi biyu a allo, aka ba shi takardar zama.

Sai dai takardar gyaran ba ta rufu ba. A ƙasanta akwai wurin da mai kawo ƙara zai dangwala yatsa cewa abu ya gyaru, Nomau kuwa ya ƙi. Malam Dafalla ya ce masa ga kawunka nan yana tafiya da ƙafarsa, yana cin abinci. Ya ce da saura. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

Likita ya ce in yawaita shan ruwa, aka kuma yi kuskuren faɗa a gaban Nomau. Ya sami jarka ya riƙa bina da ita, rumfa, kicin, ƙofar banɗaki. Ni kuwa kunyarsa nake ji, abin da na faɗa masa a mota yana cina, duk kofin da ya miƙo sai in karɓa in ce na gode. Muka yi mako uku a haka, ina lallaɓa shi kamar baƙo, shi kuma kullum fuskarsa ba walwala. Ranar wata Juma'a ina cikin sahu, liman na shirin tayar da salla, sai na ji ana taɓa kafaɗata. Na juya, kofi ne. Na daure har aka sallame. Muna fita na tsare shi a gaban jama'a na ce shi wane irin mutum ne, randa ya ɗauke ni ko raƙumi, wa ya taɓa ganin an ba mutum ruwa a sahu, kansa ɗaya kuwa? Na yi ta yi har mutane suka tsaya kallo.

Nomau ya tsaya kansa a ƙasa har na ƙare. Da ya ɗago sai na ga idonsa ya cika da ƙwalla, bakinsa kuma har kunne. Ya ajiye jarkar, ya zaro takardar nan da ta yi laushi don zufa, ya waiwaya yana neman Malam Dafalla a cikin masu fitowa.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ina tawadar? Ya gyaru."