Ranar da Na Yi Wasiyya a Kan Kujerar Roba

Shekara goma sha biyar ina jan kamiyo, wato babbar motar kaya, daga Maradi zuwa Wagadugu. Da na tarar da abokaina a shagon wasan bidiyo na unguwar Zongo suna gardamar ko tseren motar cikin wasan ya yi kama da tuƙin gaske, sai na yi dariya.

"Wannan ɗan sitiyarin? Ku ba ni wuri!"

Na zauna a kan kujerar roba, mai shagon ya ɗaura mini tabarau mai nuna hanya. A kwanar farko motar ta ƙwace, ta nufi rami. Na taka birki, ashe totur ne. Na kwarma salati, na ce a gaya wa Inna ta yafe mini, na faɗo ƙasa.

Har yau in na shigo Zongo sai a ce, "Direba, Inna ta yafe!"