Zuben Gobir a Wuyan Tagulla

"...da iyali? Madalla. To wa ya bar ƙohwa buɗe har ka hito daga Tsibiri, bawana?"

Maman Lawali ke nan, maƙerin Sabon Garin Maraɗi, Bakatsine mai bakin tsiya. Wanda yake wa magana kuwa Gado ne, Bagobiri, da ya sauko daga kabu-kabu rungume da tankin mai. Gado ya daɗe yana haɗa jirgin sama a bayan gidansa da injin babur da kwanon rufi, kuma ya riga ya cika baki cewa ranar Juma'a zai tada injin a gaban mutanen Tsibiri. Sai ga tiyon mai ya ƙi zama a bakin tanki. Shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi ce, kayan waje sun gagari kowa. Gado ya san in ya ji kunya ranar nan, sunan mahaukaci ya bi shi ke nan har kabari.

"Ubangidanka ya zo da aiki," in ji Gado. "Ɗan faifai nika so mai wuya, a ɗaure shi ga tanki, tiyo shi shiga wuyan."

"Bagobiri da jirgi! Ku da ko jaki in kun hau sai kun tambaye shi hanya?"

"Mu muka koya muku hawan. Kahin mu, Bakatsine in ya ga jaki gaishe shi yaka yi."

"In abin nan ya tashi, ina za ka?"

"Bisa gidanka. In leƙa in ga ko yau an ɗora tukunya."

"Garin Jiratawa za ka hwaɗa, cikin tumatirin mutane. Ni ba ni zuwa belinka."

Bakinsa na zuba, hannunsa na aiki. Ya yanko tagulla daga wani tsohon kan famfo, ya fasa ramukan ƙusa, ya goge wuyan har yana ƙyalli. Aka ɗaure, aka zura tiyo. Gado ya ɗan ja, tiyo ya zame. Aka sake, ya sake zamewa. Gado ya tuna ranar Juma'a, amma ya ƙi yarda abokin wasansa ya ga damuwarsa.

"Ai dole shi zame," ya ce. "Ka yi shi sumul kamar huskar Bakatsine, ba tarihi, ba abin kamawa."

"Au, zube kaka so? Bari in ɓata shi yadda wanzami ya ɓata ka."

Maman Lawali ya ɗauki magagari ya shiga tsaga wuyan tagullar, layi bayan layi, yana duban kumatun Gado yana kwaikwayo.

"Kai, za ka lalata mini kaya."

"Tsaya, juyo wancan kuncin, ban gama kwahi ba."

Ya gama, ya cusa tiyon da ƙyar don ya ƙarasa tsiyarsa. Gado ya ja. Shiru. Ya ƙara ƙarfi. Maman Lawali ya riƙe tanki, Gado ya dafe ƙafa ya ja har hularsa ta faɗi, tiyo yana nan daram. Suka zuba mai, suka jijjiga, ko ɗigo bai fito ba.

Daɗi ya kama Gado har ya rasa inda zai sa kansa. Ya ɗaga tankin sama ya nuna wa duk masu wucewa.

"Ku shaida, jama'a. Ko ƙarhe bai kama aiki sai ya zama Bagobiri."

"Hannuna ne ya yi shi."

"Hannunka ya yi na hwari, ya zame. Huskata ta yi na biyu."

Maman Lawali ya dubi tankin, ya dubi kumatun Gado. Sai ya fashe da dariya, ya shiga ciki ya fito da kwalbar man da yake ɓoyo tun da mai ya yi wuya a gari, ya danƙa wa Gado.

"Riƙe, ka tada shi da wannan. In an tambaye ka wa ya yi, ka hwaɗi sunana."

Gado ya soke kwalbar a aljihu, ya gyara hula. "Zan hwaɗa. Zan ce wanzaminmu ne na Maraɗi."