Babbar Rigar Alhaji Ta Je Taron Manya

Ranar da aka aiko min katin taron manya a wani gida na Ƙofar Doka, da ƙyar nake amsa gaisuwar sauran teloli. Farfesoshi, attajirai, 'yan siyasa, sai kuma ni, shugaban maɗinkan unguwarmu! Ba kati, ba shiga.

Matsalar ɗaya ce, ba ni da kayan shiga manya. Amma a shagona akwai wata babbar riga mai aska takwas, ta wani Alhaji da na daɗe ina ce wa saura kaɗan. Na zura ta, na fesa turare.

A wurin taron, ina kai loma, ina yi wa wani farfesa bayanin riƙon amana a sana'a, sai aka sanar da isowar uban taro. Alhajin ne, cikin tsohuwar rigarsa.

Ya zagaye ni, ya shafa aikin wuyan, ya ce, "Malam, ashe an gama? Don Allah ci a hankali, miyar nan da manja."

Har yau ko sabuwar hula na sa, sai 'yan majalisarmu ta hira sun tambaye ni, "Shugaba, yau kuma ta waye?"